Dukturar ƙanwata ta ce ita ma tana fama da ciwon damuwa, mu ci gaba da ita ko mu canja?

Maman Hanan (Jidda): Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an yi isha lafiya. Dan Allah shawara nake nema, kuma kar a tambaye ni suna don ba zan faɗa ba. Ƙanwata ce da ta zo mana daga Sudan. Yaƙin nan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 cikin azumi a Khartum ya same ta, suka gudu Madani, Madanin ma a watan Disamba aka shigo musu, daga nan Gadarif daga nan Bur Sudan har Allah ya sa ta iso wajenmu. Tun da ta zo ba ta barcin kirki, in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai ta zabura jiki na ɓari, jirgi in ya bi ta saman unguwa sai ta shige banɗaki ta kulle kanta. Mun yi ruƙiyya mun yi addu'a, daga baya muka kai ta wajen wata duktura mai jalsa, irin waɗanda ba sa rubuta magani sai dai a zauna a yi magana. Wallahi an ga sauƙi, har kasuwa ta fara bi na. To jiya dukturar ta ce mata za ta dakata da aiki wata ɗaya da rabi, wai ita ma ciwon damuwa ya taso mata likitanta ya ce ta huta, kuma ta haɗa ta da wata abokiyar aikinta kafin ta dawo. Maigida da ya ji sai ya ce halas, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, a nemi wata kawai. Yarinyar kuma sai kuka take ita ba ta son kowa sai ita. Ni kaina ya ɗaure.

Alhaji Misfala: Wa alaikumus salam. Hajiya maigidanki ya fadi gaskiya. Fisabilillahi wanda kansa bai zauna daidai ba ta yaya zai daidaita kan wani? Mu nan Makka tun muna yara in aka ce an kai mutum Shihar, asibitin masu tabin hankali na Ta'if, to shikenan an gama da shi, ko aure ba ya samu, yanzu kuma mun zo zamanin da mai maganin ne da kansa ya kama hanyar Ta'if. A mayar da yarinya ga Alkur'ani, ga zamzam kusa da ku.

Dan Karantina: hhhh Alhaji ka kashe ni. Anti wace duktura ce wai? ko ta wajen su Hindawiyya ce, don akwai wadda matata ke zuwa

Admin: Dan Karantina ka karanta layin farko. Duk wanda ya ambaci suna ko unguwa ko asibiti zan goge saƙon in cire shi. Jama'ar nan kowa ya san kowa, kafin asuba labari ya kai Madina.

Sista Binta: Baba Alhaji barka da dare, da girmanka amma a nan ban bi ka ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa. Likitan sukari nawa ne suke yi wa kansu allurar insulin kafin su fito aiki? Ba wanda ya taɓa cewa a daina zuwa wajensu. Abin da ake dubawa shi ne mutum yana shan maganinsa ko ba ya sha, kuma ya san ranar da bai kamata ya taɓa majiyyaci ba. Wannan baiwar Allah ta ga alama a jikinta, ta je wajen likita, ta tsaya da aiki, ta nemo wadda za ta riƙe mata mutanenta. Wallahi wanda nake tsoro shi ne wanda yake zuwa aiki kullum ido ya yi ja, yana yi wa marasa lafiya tsawa, ka ce ya je a duba shi ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Wanzami ba ya son jarfa, kuma irinsu sun fi yawa a cikinmu.

Alhaji Misfala: Yata sukari daban hankali daban. Sukari ba ya hana mutum gane daidai da ba daidai ba.

Sista Binta: Baba ciwon damuwa ma ba hauka ba ne. Mutum yana cikin hankalinsa, sai dai barci ya ƙi, abinci ya ƙi, abin da da yake faranta masa rai yanzu ko a jikinsa, jiki ya mutu, wani sai ya dinga jin shi ba shi da amfani a duniya. In ya wuce sati biyu a haka kusan kullum to likita zai fara zargin ciwon ne. Binciken da aka yi a nan Saudiyya aka fitar a 2019 ya nuna kashi 34 cikin ɗari na 'yan ƙasa sun taɓa samun wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, ya'ni mutum ɗaya cikin uku. A sahun sallah ɗaya ma ka lissafa. Likitoci ai ba daga wata duniya aka kawo su ba, daga cikin ukun nan suka fito.

Ummu Rayyan (Riyad): Ni kam bari in ɗan taka birki, don na ga ana neman mayar da abin kamar duk wanda ya taɓa ciwo to shi ne gwani. Ba haka ba ne wlh. Bayan rabuwata da baban yara na shiga wani hali, sai na ga wata a Snapchat tana cewa ita ma an sake ta ta sha wuya yanzu tana taimakon mata, maganarta ta shige ni na biya kuɗi muka fara jalsa ta waya. Da na fara ba ta labarina sai ta katse ni ta ce ai naki wasa ne, ta ɗauko nata, uwar mijinta ta yi mata kaza kishiya ta yi mata kaza, tana kuka ni ina ba ta haƙuri, da riyal ɗina fa! Tsakar dare sai in ga saƙon murya ta turo wai tsohon mijinta ya yi aure ba ta iya barci. Kuma duk shawararta ɗaya ce, kar ki yarda da kowane namiji, har wana da ke ɗawainiya da mu sai da ta sa na fara zarginsa. Na fito daga hannunta na fi yadda na shiga lalacewa. To Baba Alhaji bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Dan Karantina: innalillahi, kin biya kudi kin zama ke ce dukturar

Maman Hanan (Jidda): Allah sarki Ummu Rayyan. Tamu gaskiya ba ta taɓa yin haka ba. Na tambayi ƙanwata, ta ce duk watannin nan ko sunan garinsu ba ta sani ba sai dai ta ji harshenta na 'yan Sudan ne. Jiyan ma a tsaye a ƙarshen jalsa ta faɗa mata, jimla biyu ko uku, ta ce ba laifin kowa ba ne kuma tana samun kulawa, sai ta koma kan maganar wadda za ta karɓe ta.

Daliba a Madina: Anti Maman Hanan wannan amsar taki ita ce bambancin matan biyu. Ni karatun ilimin halayyar ɗan Adam nake yi, kuma abin da Anti Ummu Rayyan ta bayar da labari shi ne ainihin abin da ake ja mana kunne a kai tun shekarar farko. Jalsa ta majiyyaci ce, minti hamsin ɗin nan nasa ne, in za ki faɗi wani abu na kanki sai in zai amfane shi kuma a taƙaice. Sannan mai wannan aikin ba a barinsa shi kaɗai, akwai babba a sama da shi da yake kai wa aikinsa a tattauna, in ya ga wani labari yana taɓa masa tsohon miki can zai kai ba wajen majiyyaci ba. A wasu makarantun ma tun zamanin Freud, wanda ya kafa irin wannan jinyar ta magana, sharaɗi ne sai an zaunar da kai an yi maka jalsa kafin ka yi wa wani. Anti Ummu Rayyan na tabbata waccan ko lasisi ba ta da shi, masu kiran kansu mudarriba, wato mai horarwa, a Snapchat sun yi yawa. A nan duk mai wannan aikin da gaske sai yana da rajista da hukumar takhassusat sihhiyya mai ba ma'aikatan lafiya lasisi, kuma ana iya duba sunan mutum a shafinsu.

Ummu Rayyan (Riyad): Ban ma san ana dubawa ba a lokacin, kwas ɗin sati biyu ta yi ta ce min daga baya

Daliba a Madina: Kuma Baba Alhaji ga wani abu. Akwai wata farfesa a Amurka, Marsha Linehan, ita ta ƙirƙiro hanyar jinya da ake kira DBT wadda yau duniya ke amfani da ita wajen masu cutar da kansu da masu yunƙurin kashe kansu. Sai a 2011 ta fito ta faɗa cewa ita kanta tana da shekara 17 aka kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa a 1961, ta yi wata 26 a ciki, tana yanka jikinta tana ƙona kanta da taba. Shekara hamsin ta ɓoye. Akwai kuma Kay Jamison ta jami'ar Johns Hopkins, tana cikin manyan masana ciwon nan da mutum ke hawa sama ya faɗo ƙasa, baifola, ita ma shi take da shi tana shan lithium, ta bayyana a 1995. A Birtaniya an tambayi masu wannan aiki su 678 a wani bincike da ya fito a 2018, kusan biyu cikin uku suka ce sun taɓa fama da kansu. Da za a kori duk mai irin wannan tarihi da asibitocin sun zama kango.

Alhaji Misfala: Duk Turawa kika lissafo min. Wadanda ba su da sallah ba su da zikiri dole damuwa ta cinye su. Mumini da ke Haramaini me zai sa masa wannan?

Malam Abu Sumayya: Assalamu alaikum. Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, wannan maganar ta ƙarshe ina roƙon a janye ta, don akwai masu karantawa a nan da suke cikin halin kuma za su ɗauka imaninsu ne ya samu matsala. Annabi Yaƙub alaihis salam ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana nan a Suratu Yusuf aya ta 84, kuma Allah bai zarge shi ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Nana A'isha in an yi rasuwa takan sa a dafa talbina, kunun sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah SAW ya ce tana kwantar da zuciyar mara lafiya tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki, Bukhari ya ruwaito. Ka ga an haɗa baƙin ciki da abin da ake ba jiki. Kuma tun kafin Turawan nan, masani Musulmi Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934 miladiyya ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rashi ko asara, da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Ruƙiyya haƙƙun ce, magani ma umarni ne, ba kishiyoyi ba ne. Mu kanmu masu yi wa mutane ruƙiyya muna rashin lafiya a yi mana.

Alhaji Misfala: Malam na ji, na janye ta karshen. Amma ta farkon tana nan.

Dan Mai Wurno: Salam jama'a, yanzu na tashi daga shugul na tarar da saƙo sun taru. Malam ka ambaci Balkhi, wanda ya fassara littafinsa zuwa Turanci ai namu ne na Sudan, Farfesa Malik Badri ɗan Rufa'a, nan kusa da Madani, Allah ya jiƙansa ya rasu a 2021. Kuma Tijani al-Mahi da aka sa wa asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman sunansa, tun zamaninsa yake aiki tare da malamai da shehunai bai ce a kore su ba. Wannan rigimar ta malam ko likita mu a Sudan an daɗe da sasanta ta.

Abin da nake so in faɗa daban ne. Anti ta ce dukturar 'yar Sudan ce. To ku tsaya ku yi tunani, duk likitan Sudan da ke nan Saudiyya yau yana da uwa ko ƙani ko gida a can. Da rana tana zaune tana sauraron wadda aka tare a shingen hanya, wadda aka kwashe musu gida, wadda ta binne ɗanta a tsakar gida saboda ba hanyar maƙabarta, da dare ta koma ɗaki tana jiran intanet ya dawo ta ji ko nata suna raye, ga kuɗin da za ta tura ta manhajar banki ta Bankak duk wata. Ni direba ne ba na sauraron labarin kowa amma lokacin da aka shiga Sinja a 2024 na yi kwanaki ban san me nake ci ba saboda mutanenmu na Mai Wurno suna nan kusa. In wannan matar ba ta ji komai ba shi ne zan yi mamaki.

Maman Hanan (Jidda): Wallahi Yaya ka taɓo inda ke min ciwo. Don abin da ya fi damuna ban ma faɗa ba, ƙanwata cewa take ita ce ta jawo mata, wai labaran da ta dinga ba ta ne suka kwantar da ita, yanzu ta ce ba za ta ƙara faɗa wa kowa komai ba kar ta sa wa wani ciwo. Da dukturar ta ce mata tafiya za ta yi ai da duk wannan bai taso ba. Me ya sa sai ta faɗa?

Ummu Rayyan (Riyad): Nima tambayata kenan. Ta ce umra za ta je ko hutu mana

Dan Karantina: umra daga Jidda wata daya da rabi? a kafa zata je hhh

Sista Binta: A wajen aiki ma ana wannan gardamar, wasu likitocin cewa suke ka ce hutun rashin lafiya kawai kar ka ƙara komai, kuma suna da hujja, ga shi kin gani da idonki yarinya ta ɗora wa kanta. Amma ƙarya kam a'a. Jama'armu ƙanana ce, wata rana a wajen biki ko ta'aziyya za ta ji gaskiya a bakin wata, kuma mutumin da ya fito daga yaƙi abin da ya fi rasawa shi ne yarda da mutane. In ta gano wadda ta buɗe wa cikinta ta yi mata ƙarya, aikin watannin nan duk ya zube. Game da cewa ita ta jawo, eh gaskiya ne jin labarin tashin hankali kullum yana taɓa mai sauraro, sananne ne a aikinmu, har mafarkin abin da bai gani ba mutum yake yi. Amma wannan nauyin na ma'aikaci ne da shugabanninsa, su za su rage masa yawan mutane su ba shi hutu. Ba majiyyaci ne zai tace labarinsa don ya tausaya wa likita ba. Anti ki faɗa wa sabuwar dukturar wannan maganar tun ranar farko, kar ki bari ta wuce, ita kanta abin yin jalsa ce a kai.

Daliba a Madina: Tunda an zo nan bari in faɗa, ba wanda ya san fuskata dai. Ni ma ina shan maganin fargaba da damuwa, likita ya rubuta min. Sati huɗu na farko ban ga komai ba sai tashin zuciya, daga baya ya fara aiki, haka irin waɗannan magungunan suke kuma ba a yanke su rana ɗaya sai a hankali da sanin likita. A gida mahaifiyata kaɗai ta sani, ta ce kar dangin baba su ji saboda maganar aure. A makaranta ma ban faɗa wa kowa ba sai malama ɗaya, saboda irin maganar da aka fara da ita a daren nan, ana ji za a ce to ke me za ki yi wa wani. Amfanin da na gani shi ne in mace ta ce min zuciyata kamar za ta fito numfashi ya tsaya na ɗauka mutuwa zan yi, ba na ce mata ki daure kawai. Illar kuma ita ce wani lokaci sai in ji kamar na riga na san labarin mutum tun bai gama ba, alhali nasa daban nawa daban, malamata ta sha kama ni a kan haka. Ciwon bai sa na fi kowa iyawa ba, karatun da horon su ne aikin.

Malam Abu Sumayya: Allah ya ba ki lafiya ƙanwata, ya sa kaffara ne.

Alhaji Misfala: Allah ya sawwake yata, ban fada don in bata miki ba. Amma ni dai in da jikata ce zan so in san matar ta warke sarai kafin a mayar mata da yarinya. Wa zai tabbatar? Ita da kanta?

Sista Binta: Wannan tambayar taka Baba tana kan hanya. Ba ita kaɗai ba, likitan da ya ba ta hutun shi zai ce ta koma, kuma wajen aikinta suna da ta cewa. Su Anti ma suna da ido. In ta dawo aka ga tana yawan ɗage jalsa, tana manta abin da aka faɗa mata makon jiya, ko ta fara ba yarinya labarin kanta, to a canja ba kunya ba tsoro, haƙƙinku ne. Yarinyar ma tana iya tambayarta kai tsaye ko akwai wanda ke duba aikinta, mai gaskiya ba za ta ji haushi ba. Kuma Anti in dare ya yi abin ya tsananta kafin ranar jalsa akwai 937 na ma'aikatar lafiya, in kuma ta fara maganar cutar da kanta kar a jira kowa a wuce ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, kai tsaye.

Maman Hanan (Jidda): Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa maigida wasu, ya ce to a je wajen abokiyar aikin tata a gani, maganar komawa kuma sai ta dawo tukuna. Ran Talata aka ba mu mu je. Tambaya ta ƙarshe dan Allah, ni abin yana min nauyi a ce mutum ya yi mana wannan ɗawainiya yana kwance ko sannu ba mu je ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Ina tunanin in dama kunu in yi ɗan abinci mu je dubiya.

Dan Mai Wurno: Mu a wajenmu ai da tuni an cika mata gida da kwanuka

Daliba a Madina: Anti kar ku je gida dan Allah, ko kun san gidan. Za ta ji dole ta tashi ta koma duktura a gabanku tana tambayar ƙanwarki barci, hutun ya ɓaci, ita kuma ƙanwarki in ta gan ta a rame sai zargin kanta ya ƙaru. Ku rubuta 'yar takarda, Allah ya ba da lafiya muna addu'a ba sai kin amsa ba, ku bari wajen mai karɓar baƙi a asibitin ran Talata.

Maman Hanan (Jidda): Toh kunun fa?

Sista Binta: Ki ba ƙanwarki ta sha Anti, ita ma jinya take. In sha'ir ne ma ya fi.

Alhaji Misfala: A sa zuma a ciki.